Babi na Shida: Sanyaya Iskar da Turbo Ke Turawa Cikin Inji

Me ya sa motar da ta ɗauki buhunan masara da asuba takan hau hanya tana ja kamar ba ta ɗauki komai ba, amma idan rana ta take, da kaya iri ɗaya a kan hanya ɗaya, sai ta riƙa nishi tana fitar da baƙin hayaƙi? Wannan tambaya ce da direbobin manyan motoci masu jigilar hatsi daga Shanono, ta Bagwai da Bichi, zuwa kasuwar Dawanau suka saba yi, musamman a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara yake haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Yawanci akan ɗora laifin a kan man da aka sha ko a kan nozul, wani lokaci kuma a kan turbo, wato na'urar da ke matsa iska ta tura ta cikin inji, alhali a lokuta da dama duk waɗannan lafiyarsu ƙalau, iskar da injin yake shaƙa ce ta yi zafi fiye da kima.

Can baya maganar ta masu DAF da MAN da tifofin Howo ce kawai, da wasu taraktocin noma, domin ƙananan motocin da suka cika hanyoyin Kano, irin su Golf da Corolla da yawancin Hilux masu shan fetur, ba su da turbo. Yanzu abin ya fara canjawa, tun da kamfanoni suka koma ƙera ƙananan injuna masu turbo a madadin manya: Honda Accord ta 2018, alal misali, ta bar injin silinda shida ta koma mai silinda huɗu da turbo, kuma irin waɗannan motoci suna ta shigowa a matsayin na hannu. Don haka ya kamata a san yadda ake sanyaya iskarsu, da kuma abin da ya rage a yi idan hanyar da aka saba ta gaza.

Inda zafin yake fitowa

Duk wanda ya taɓa ba wa tayar keke iska ya san cewa gindin famfon yakan yi zafi bayan an ɗan jima ana bugawa, ba don an kai shi kusa da wuta ba, sai don ita iska idan aka matsa ta, ƙarfin da aka kashe wajen matsawar yakan koma zafi a jikinta. Turbo famfo ne irin wannan, sai dai hayaƙin salansa ne yake juya shi, kuma yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Injiniyan ƙasar Switzaland Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, da nufin a ci moriyar ƙarfin da ke fita a banza tare da hayaƙi. Aikinsa ɗaya ne da na zugazugin maƙeri: ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai, ƙarin mai kuma shi ne ƙarin ƙarfi.

Lissafin zafin ba shi da wuya. Idan turbo ya ninka matsin iska sau biyu, wanda shi ne aikin yau da kullum na injunan dizal da yawa, iskar da ta shiga tana digiri 15 takan fito a wajen digiri 105, wadda ta shiga tana digiri 40 kuwa takan fito tana dab da digiri 140, zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa da nisa. Iska mai zafi takan buɗe ta yi shara-shara, ta yadda silindar da ta cika da ita ba ta samun iskar oksijin da za ta samu da a ce mai sanyi ce, kuma a taƙaice kowane ƙarin digiri goma yana rage nauyin iskar da kimanin kashi uku cikin ɗari. A injin dizal sakamakon shi ne man da bai ƙone sarai ba, baƙin hayaƙi, da zafin salansa mai cin bawul da fistin. A injin fetur kuwa hatsarin ya fi kusa, domin cakuɗen mai da iska mai zafi yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta kai gare shi, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa ba ita ce abin da kanikawa ke kira nokin ba, wato lalacewar inji gaba ɗaya, amma idan ta daɗe can take kaiwa. Kwamfutar motocin zamani tana jin wannan ƙara tun kafin kunnen direba ya ji, sai ta jinkirta wutar fulogi ta rage matsin turbo, wanda shi ne dalilin da ya sa motar take zama kamar an ɗaure mata ƙafa da rana tsaka ba tare da wata fitila ta kama ba.

Intakula da iyakarta

Maganin da aka saba da shi shi ne intakula, wani akwatin alminiyam mai siraran bututu da fika-fikai, mai kama da lagireto, wanda ake sakawa tsakanin turbo da inji domin iskar waje ta ratsa ta jikinsa ta kwashe zafin iskar da ke ciki. Porsche ta saka shi a motarta 911 Turbo a 1978, kuma daga nan ya bazu har ya zama ruwan dare. Intakula mai kyau takan kwashe kimanin kashi 70 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin zafin iskar turbo da zafin gari, saboda haka iskar nan mai digiri 140 takan sauko zuwa wajen digiri 70, nauyinta ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Aikin ba ƙarami ba ne: a injin lita biyu da rabi da ke jan kaya, zafin da ake kwashewa yakan kai kilowat takwas, kwatankwacin dutsen guga na lantarki guda takwas a kunne lokaci ɗaya.

Sai dai wannan na'ura tana da sharuɗɗa biyu da hanyoyin karkara ba sa cika mata. Na farko, ba za ta taɓa sanyaya iska ƙasa da zafin gari ba, tun da iskar garin ce makaminta. Na biyu, tana buƙatar gudu, domin gudun mota ne yake turo mata iska. Motar da ta fito daga ƙauye da buhu ɗari, tana tafiya a giya ta biyu cikin rairayi ko tana kaucewa ramuka, injinta yana aiki iyakar ƙarfinsa a daidai lokacin da iskar gaba ta fi ƙaranci. A kan wannan kuma ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin gero da na dawa da ke tashi a lokacin sussuka, waɗanda suke haɗuwa da ɗan man da ya tsatso su toshe fika-fikan kamar an yi musu yaɓe. Wasu motocin, irin Hilux mai injin dizal 1KD wadda ake gane ta da ƙofar iska a kan bonet, intakularsu a saman inji take, don haka da zarar an tsaya a shingen jami'an tsaro ko a bakin kasuwa sai zafin injin ya taso ya gasa ta, ta koma tana ɗumama iskar da aka ce ta sanyaya har sai an sake ɗaukar hanya. Wasu tsofaffin injunan kuma, kamar 1HD-T na Land Cruiser da ya fito a 1990, suna da turbo amma ba su da intakula ko kaɗan.

Ruwa a matsayin ɗan aike

Hanya ta farko da ta bambanta da wannan ita ce a sa ruwa ya shiga tsakani. Iskar turbo takan bi ta wani ƙaramin akwati da ruwa ke zagayawa a cikinsa, ruwan ya karɓi zafin, famfon lantarki ya kai shi wani lagireto na daban a gaban mota, ya huce ya dawo. Dalilin zaɓen ruwa shi ne cewa lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da ya ninka na lita ɗaya ta iska fiye da sau 3,000, saboda haka akwatin yana iya zama ƙarami har a cusa shi a bakin inji, bututun iska su gajarta, motar ta riƙa amsa totur da sauri. Toyota ta yi amfani da wannan tsari a Celica GT-Four ta 1986, Volkswagen ta saka shi a cikin injunanta na 1.4 TSI, haka ma Lexus NX 200t ta 2014.

Amfaninsa ga mai tafiya a hankali a bayyane yake, domin ruwan yana zama ma'ajiya, yana shanye zafin hawan tudu na minti biyu ko uku ya sake shi daga baya. Amma bai tsallake sharaɗin farko ba, tun da a ƙarshe iskar gari ce za ta sanyaya ruwan, kuma idan jan kayan ya daɗe, ruwan da ya yi zafi yakan daɗe bai huce ba. Ba kuma ruwan lagireton inji ake nufi ba, wanda yake aiki tsakanin digiri 85 da 95, ko da yake wasu tsofaffin manyan injunan dizal da shi suke amfani, suna gamsuwa da saukar da iskar zuwa kusan wannan zafi. Inda tsarin ya fi haskawa shi ne inda ruwan sanyi yake a wadace, shi ya sa injunan jiragen ruwa suke amfani da ruwan teku, kuma babban injin ban ruwa da aka girka a gefen madatsar Watari da ke Bagwai zai iya cin irin wannan moriya. Abin tsoro a nan ƙasar shi ne al'adar ɗura ruwan rijiya tsura a maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, domin idan ya cinye siraran bututun alminiyam ɗin, cikin silinda zai zuba kai tsaye.

Hikimar tulu

Akwai hanya ɗaya mai sauƙi da take karya sharaɗin zafin gari, kuma kowane gida a Shanono yana aiki da ita. Ruwan tulu ya fi na bokitin roba sanyi saboda yumɓu yana tsatso da danshi, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi daga abin da yake jingine da shi. Da wannan ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kilojul 2,260 kafin ya zama tururi, wanda ke nufin cewa ƙaramin cokali biyu na ruwa, idan suka bushe sarai, za su sauke zafin iska lita 900 da kimanin digiri 22.

Idan aka fesa ruwa a bayan fika-fikan intakula, an mai da ita tulu ke nan. Subaru ta saka wannan a Impreza WRX STI, Mitsubishi ma ta saka a Lancer Evolution, motocin da aka gina don tseren daji, kuma kayan aikin ba su wuce tanki da ƙaramin famfo da bakin feshi ba, irin na wanke gilashin gaba da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin lura shi ne cewa wannan dabara ta fi dacewa da arewa a kan ƙasashen da suka ƙirƙiro ta. Iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya kawowa ta dogara ne da ƙishirwar iska: a ranar da zafi ya kai digiri 40 kuma danshin iska bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kamar yadda akan gani a Kano a watan Maris, jiƙaƙƙen abu yana iya saukowa har wajen digiri 21, amma a Legas, da zafin digiri 32 da danshi kashi 80, da ƙyar zai sauka ƙasa da 29. Busasshiyar iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce kuma take ba direban arewa rarar kusan digiri ashirin da takwaransa na kudu ba shi da ita.

Yaran mota sun riga sun san rabin wannan ilmi, domin sau da yawa akan ga mota a gefen titi, bonet a buɗe, yaro ya fasa ledar fiya wata da haƙori yana matsa ta a kan lagireto, tururi yana tashi. Bambancin shi ne cewa kwarara ruwa ɓarna ce, mafi yawansa ƙasa yake zuba bai yi aikin komai ba. Abin da ake so feshi ne mai laushi kamar raɓa, wanda zai jiƙa fika-fikan ya bushe nan take, kuma a kunna shi kawai a lokacin jan kaya ko hawa. Ko da a ce bushewar ruwa ce za ta ɗauki dukkan kilowat takwas ɗin nan, ledar ruwa ɗaya mai rabin lita za ta yi kusan minti biyu da rabi, ga shi kuwa taimako kawai ake nema daga gare ta, don haka jarka mai lita goma tana isa doguwar tafiya. Kowane allazi dai da nasa amanu. Ruwa da ƙura laka suke haifarwa, ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri kuma yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a cikin butar mai shayi, ɓawon da ke hana zafi fita. Wanda ya saka feshi ya ɗaukar wa kansa wankin intakula a kai a kai, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi don kada fika-fikan su lanƙwashe. Babbar falalar hanyar ita ce idan ruwan ya ƙare ba abin da ya lalace, motar ta koma yadda take ne kawai.

Ruwa a cikin inji

Mataki na gaba ya fi ƙarfi, ya kuma fi hatsari: a fesa ruwan a cikin bututun iskar da kanta, bayan turbo, ya bushe a ciki, sauran ɗigon kuma su ƙarasa bushewa a cikin silinda. Wannan yakan ba mutane mamaki, tun da kowa ya san ruwa abokin gabar inji ne, amma batun na yawa ne da laushi. Hazon ruwa da bai kai man da ake ƙonawa yawa ba yana sanyaya iskar, yana rage zafin ƙonewar, yana kuma hana ƙwanƙwasar da aka ambata, har a sami damar ƙara matsin turbo. A injin dizal yana sauke zafin salansa. Sau da yawa akan gauraya ruwan da methanol, wani nau'in sinadarin barasa da ke bushewa da sauri, yana ƙonewa kamar mai, yana kuma hana ruwa daskarewa a ƙasashen sanyi.

Dabarar ta girma ne a Yaƙin Duniya na Biyu, inda Jamus ta yi amfani da gaurayen da ta kira MW 50, rabi ruwa rabi methanol, a jiragen yaƙinta na Messerschmitt Bf 109, Amurka kuma ta saka feshin ruwa a injin jirginta P-47 Thunderbolt, domin matuƙi ya sami ƙarin ƙarfi na 'yan mintoci. Shigowarta cikin motocin talakawa kuwa ta bar darasi. A 1962 kamfanin General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motoci biyu na farko masu turbo da aka sayar wa jama'a, kuma an gina injinta ta yadda ba zai jure matsin turbo ba sai da gaurayen ruwa da methanol da ake ɗurawa a wani tanki na musamman. Masu motar suka riƙa mantawa da tankin, idan ya ƙare sai na'urar kariya ta rage ƙarfi, su kuma su koma wurin dillali suna ƙorafi. Ba a sayar da dubu goma ba aka daina ƙera ta bayan shekara biyu, har kamfanin ya riƙa cire wa masu so turbon yana mayar musu da kafireto. BMW ta farfaɗo da dabarar a M4 GTS ta 2016, da tanki mai lita biyar a but, abin da ya taimaka wajen ɗaga ƙarfin injin daga doki 431 zuwa 500, amma ta bar wa kwamfuta ikon rage ƙarfi da kanta idan ruwa ya ƙare.

Abin da ya kayar da Jetfire a Amurka zai fi saurin kayar da mota a hanyar ƙauye, inda direba daban yake da mai mota, yaron mota kuma shi ke ɗura ruwa. Tsarin yana buƙatar tataccen ruwa marar gishiri, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, domin ruwan rijiya zai toshe bakin feshin cikin ɗan lokaci. Yana buƙatar famfo mai matsi sosai, da makunnin da ba zai bari ya fesa ba sai turbo yana aiki, da bawul mai hana ɗiga idan an kashe mota. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka idan ya taru a silinda fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce take lanƙwashewa, garin neman gira a rasa ido. Shi kuma methanol guba ne mai makantarwa da kisa, kamar yadda aka gani a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015 lokacin da mutane suka mutu bayan shan abin da ya gurɓata da shi, don haka ajiye shi a jarkar da ba ta da alama a cikin gida mai yara ganganci ne. Injin da aka ƙara wa matsi bisa dogaro da wannan feshi, ba tare da kariyar da za ta rage matsin da kanta ba, ransa yana hannun wanda ya tuna da tanki.

Ƙanƙara, iyakwandishan da gas

Masu tseren gajeren zango sukan cika tankin intakula mai ruwa da ƙanƙara, kuma tana aiki, sai dai lissafi ya nuna iyakarta: kilo goma na ƙanƙara, a gaban zafin kilowat takwas, zai narke cikin minti bakwai, bayan wasu minti uku kuma ruwan ya kai zafin gari. Kamfanin Dodge ya bi wata hanya a motarsa Challenger SRT Demon ta 2018, wadda bel ne yake juya famfon iskarta ba hayaƙi ba, inda ya karkatar da sanyin iyakwandishan daga ɗakin fasinja zuwa ruwan intakula kafin a tashi tsere. Wannan ma tara sanyi ne don amfanin 'yan daƙiƙoƙi, domin kilowat takwas ya fi ƙarfin iyakwandishan ɗin ɗaki mai doki ɗaya da rabi guda biyu, kuma injin ne zai biya ƙarfin da kwamfireso zai ci. Haka batun fesa iskar kabon mai sanyi daga tukunyar gas, da ƙananan faifan sanyaya na lantarki irin na akwatin sanyaya lemo a mota, waɗanda wutar da za su nema ta fi abin da altaneta ke bayarwa ninki da yawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da motar da za ta yi awa biyu a hanya da kaya.

Man da kansa, da bawul

Shi ma mai yana sanyayawa idan ya bushe, ko da yake fetur yana shan zafin da bai wuce kashi ɗaya cikin shida na abin da ruwa ke sha ba. Da wannan ne kwamfutar motoci da yawa take kare inji a lokacin tsananin aiki, tana zuba fetur fiye da wanda zai ƙone, abin da ke bayyana ƙarin shan mai da rana tsaka. Injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda sun fi cin wannan moriya, haka ma masu amfani da ethanol, man da ake samu daga rake ko masara, wanda sanyayawarsa ta ninka ta fetur fiye da sau biyu, kuma Burazil ta daɗe tana tuƙi da shi. Iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙara yayatawa bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, tana da juriyar ƙwanƙwasa sosai, amma da yake a matsayin iska take shiga ba ruwa-ruwa ba, ba ta kawo wannan sanyi, saboda haka mai motar turbo da ya koma gas ya fi kowa buƙatar intakula mai tsabta. Akwai kuma dabarar da injiniyan Amurka Ralph Miller ya yi wa rajista a shekarun 1950, wadda ake sauya lokacin rufe bawul ɗin shigar iska domin matsawar da ke cikin silinda ta ragu, a bar wa turbo da intakula mafi yawan aikin. Mazda ta yi amfani da ita a shekarun 1990, Volkswagen kuma a wani nau'in injinta na 1.5 TSI, amma wannan shawara ce ta masana'anta, ba aikin da bakanike zai ƙara wa mota a gareji ba.

Abin da ya dace da hanyar Shanono

Kafin a sayi komai, akwai digirori masu yawa da ake asara kyauta. Bututun iskar da ya tsage ko ya kwance yana zubar da matsin da turbo ya wahala ya tara, ya tilasta masa ƙara gudu da ƙara zafi. Robobin da ke tare iska tsakanin bamba da intakula, waɗanda ake yawan jefarwa bayan gyaran haɗari, su ne suke tilasta wa iskar ratsa fika-fikan maimakon ta zagaye su, kuma manyan fitilu da allon ado da ake ɗaurawa a gaban mota suna tare mata numfashi. Akwatin matatar iska da aka cire aka bar inji yana shaƙa daga ƙarƙashin bonet yana sa turbo ya fara da iskar da ta riga ta ɗumama, kuma kowane digiri da aka ƙara a mashiga yana fitowa da riba a mafita. Bayan an gyara waɗannan, fankar lantarki a jikin intakula ita ce amsar tafiyar hawainiya, feshin waje kuma shi ne amsar bazara, domin su biyun ne kaɗai suke ƙara sanyi ba tare da sun jingina lafiyar injin ga tunawar wani ba. Direbobin da ke ɗora kaya da daddare su tashi bayan sallar asuba, lokacin da garin yake ƙasa da zafin rana da digiri goma sha biyar ko fiye, suna samun abin da intakula mai tsada ba lallai ta ba su ba.

Duk wannan ya shafi zafin iskar ne, amma iskar da ke shiga inji a wannan yanki tana ɗauke da wani abu da ya fi zafi saurin kashe turbo, wato ƙurar da ke goge fika-fikan famfonsa kamar an sa musu sanfefa. Babi na gaba zai duba matatar iska, yadda ake gane ta gaskiya daga jabu, da dalilin da ya sa bugun ta a jikin taya ko hura mata iskar falkanaiza yake buɗe wa ƙura hanyar da ido ba ya gani.